Yadda Yaya Ubale Ya Ceci Ƙanensa

Mu uku uwarmu ta bari a duniya: Yaya Ubale, sai ni Huraira, sai autanmu Husaini, wanda Hasan ɗinsa ya koma tun suna zanen goyo. Har aka gama yaƙin basasa babu wanda ya fi wani a cikinmu. Yaya yana sayar da kananzir a kwalba a kasuwar Keffi, ni ina soya ƙuli-ƙuli ina matsar man gyaɗa a gidan aurena a Jigwada, Husaini kuma yana da ɗan shagon ɗinki a Sabon Gari inda yake ɗinka wa 'yan makaranta riga da gajeren wando. Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasar, ya duba zuriyarmu kaf, ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai ta Yaya.

Da kwalbati ya fara. Har yau ban san wanda ya gaya wa gwamnati cewa Yaya ya san kwalbati ba, mutumin da ko katangar gidanmu ce ta zube sai an kira maƙwabta. Aka ba shi kwangilar guda ɗaya, ruwa ya tafi da ita, aka sake ba shi kwangilar gyara ta. Kafin mu ankara ya je Makka sau biyu, ya sa haƙorin zinariya, ya sayi Marsandi mai ruwan madara da wani irin hon da ke rera waƙa. Ya daina amsa Yaya sai an haɗa da Alhaji. Ni dai ban haɗa ba, don ni na sha ɗinke masa yagaggen wando.

Kada in zalunce shi, Yaya ba marowaci ba ne. Ciwonsa shi ne tun da ya yi kuɗi ya daina yarda akwai abin da zai iya gyaruwa a duniya ba da hannunsa ba.

Husaini kuwa mutum ne mai sanyi, wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Shekara biyu ke nan da gwamnati ta ce kowa ya koma tuƙi ta hannun dama, amma kekensa bai samu labari ba. In ya tuna sai ya bi dama, in tunanin ɗinki ya ɗauke shi sai keken ya koma hagu inda ya saba. Wata rana da hantsi, ƙarshen damina, keken ya koma hagu daidai lokacin da motar soja ta shawo kwana. Direban ya kauce masa, ya zuba motar a cikin kwata. Babu wanda ya ji ciwo, amma kwalaben giyar da aka ɗauko wa manyan soja babu wadda ta tsira. Sojojin suka fito tsamo-tsamo suna wari kamar gidan burukutu, wasu mutum biyu da ke shan rake a bakin hanya suka kasa riƙe dariya. Aka sa su ukun suka turo motar ta fito, sannan aka jefa su a baya har da keken.

A lokacin sojojin da suka dawo daga yaƙi sun yi wa barikoki yawa, an baza su gari-gari. Namu an sauke su a wani fili a kan hanyar Panda inda akwai tsohon siton auduga. Siton nan suka mayar gadirum, wato inda suke kulle duk wanda ya ɓata musu rai, soja ne ko farar hula. Babu alƙali, babu ɗan sanda. Wanda ya shiga, ranar fitowarsa tana bakin wani Saje da ke riƙe da makulli.

Da labari ya iso ni ban nufi gidan Yaya ba. Wurin Lea na tafi, wata 'yar Eggon mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar sansanin, wadda ta daɗe tana sayen man gyaɗa a hannuna.

"Mama Huraira, kwantar da hankali," in ji ta, tana kwashe shinkafa ko kallona ba ta yi. "Irin wannan kes na gani da yawa. Za su zane shi, su aske masa kai, ya yanka musu ciyawa, jibi su kore shi don ba su da abincin ba shi. Abu ɗaya kawai, kar ki kawo babban mutum. Ki zo da tsohon zani ki zauna can ki yi kuka. Soja ba ya ajiye talaka, asara ce."

Ban ji daɗin yadda ta ce za su zane shi kamar tana faɗar farashin gishiri ba, amma na ga gaskiya a maganarta. Na koma gida na nemo zanina mafi tsufa.

Sai dai Hajo, matar Husaini, ta riga ta ruga gidan Yaya da kuka, kuma ban ga laifinta ba, wurin babban wa ake zuwa. Yaya ya aiko mota ta ɗauko ni. Na same shi ransa a ɓace, ba don an kama Husaini ba, sai don shi ne ya ji daga baya. Da na gaya masa shawarar Lea sai ya yi dariya har haƙorin ya haska.

"Kuka a ƙofar soja? Ƙanwar Alhaji Ubale? Ke Huraira, talauci ya riga ya shiga jininki. Manya ake gani, kuma ba a zuwa gaban manya hannu rabbana. Mai sayar da wake ce za ta koya mini sha'anin hukuma?"

Jibin da Lea ta faɗa, da sassafe, muka kama hanya. Yaya a gaba cikin babbar riga mai aska takwas, ni da Hajo a baya, Ishaku direba yana tuƙi. A but ɗin motar akwai buhun shinkafa, da katan ɗin madara, da wani farin rago da aka bar wa murfin a buɗe don ya sha iska, kuma don gari ya gani.

Muna shawo kwanar sansanin na hango su. Husaini da masu shan raken nan biyu suna tsaye a bakin ƙofa, kawunansu an yi musu askin wulaƙanci, nan gashi nan babu, takalmansu a hannu. Ƙofar a buɗe take rabi. Saje, wani gajere kakkaura, yana yi musu faɗan sallama, yana nuna musu hanya da bulala. Da mun tsaya shan ruwa a gida, da a hanya za mu haɗu da Husaini yana tafiya da ƙafarsa. Na kama kafaɗar Ishaku na ce ya wuce kamar ba nan muka zo ba. Amma Yaya ba ya isa wuri ba hon. Ya miƙa hannu da kansa ya danna, motar ta rera waƙarta, ragon ya amsa daga baya.

Saje ya juyo. Ya tako a hankali, ya zagaya motar, ya tsaya ya shafa bayan ragon, sannan ya zo ya sara wa Yaya.

"Alhaji, wanene kana nema?"

"Ƙanena na zo ɗauka, Husaini tela," in ji Yaya. Don kada a raina lamarin sai ya ƙara, "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Saje ya kalli motar, ya kalli ragon, ya kalli ƙafafun Husaini masu faso. Na ga lokacin da lissafin ya gama shiga kansa. Ya koma ya ba masu shan rake ƙafa ɗaya-ɗaya a gindi, suka ranta a na kare, sannan ya kama wuyan rigar Husaini.

"Kes na wannan ya yi girma. Sai Oga ya gani."

Aka tasa ƙeyar Husaini ciki, aka sauke rago da shinkafa da madara suka bi bayansa. A hanyar komawa Hajo tana sheshsheka, ni ina cizon yatsa, Yaya kuwa ya juyo yana tambayarmu ko mun ga yadda Sajen ya sara masa.

Ogan wani matashin Kaftin ne mai siririn gashin baki da ladabi kamar surukin kirki. Yakan sa a fito wa Yaya da kujera ƙarƙashin mangwaro, a kawo lemo mai sanyi, ya riƙa kiransa Baba Alhaji. Duk zuwan da Yaya zai yi sai ya riƙa wani abu, kuma duk zuwa sai laifin Husaini ya ƙara tsawo. Daga bin hannun hagu ya zama ɓarnar kayan gwamnati. Bayan rago na biyu ya zama yunƙurin kashe sojoji a bakin aiki. Da Yaya ya kai rediyo mai kaset sai aka ce ana binciken ko akwai masu ɗaure wa telan gindi, kuma takarda ta tafi Jos. Yaya yakan dawo ya ba mu labari da alfahari, wai kes ɗin ƙanensa har Jos ta san da shi.

Ta gefen abinci kuma, Yaya ya ce ba za a ce ƙanen Alhaji yana cin garin kwaki a tsare ba. Ya sayo sababbin kwanukan langa masu fure, ya riƙa aiko wa Hajo kaji da kayan miya kullum. Hajo kuwa Allah ya ba ta hannu, in tana soya albasa har masu wucewa sai sun rage sauri. Kwanukan suna dawowa tas kamar an wanke, tana murna maigidanta yana ci. Sai saƙonni suka fara biyo kwanukan. Yau a rage yaji. Gobe a ƙara man shanu. Ranar Juma'a ana son tuwon shinkafa, kuma a daina sa wuyan kaza.

"Yaya Huraira, gidan nan ya canza Malam," ta ce da ni, idonta da ƙwalla. "Mutumin da yake cin barkono ɗanye, yau shi ne ba ya son yaji."

Na kai maganar wurin Lea. Ta yi tsaki ta ce Saje ne ke da gyambon ciki, mai ƙin wuyan kaza kuma wani kofur ne. Ta ce tun da aka fara kawo kwanukan nan cinikinta ya ragu, Husaini kuwa in an tuna da shi a ba shi ƙanzo.

Aka shiga wata na biyu. Wata rana Yaya ya zo gidana yana washe baki ya ce albishirina. Na ɗauka sakin Husaini ne. Ashe Kaftin ne ya koka masa cewa siton auduga ya yi musu kaɗan, mutane suna kwana a tsaye, shi ne aka ba Yaya kwangilar gina sabon gadirum.

"To Husainin fa?" na tambaya.

"Ai yanzu ne ma maganarsa za ta yi sauƙi, mun zama 'yan gida. Sai dai a bi a hankali, ba a matsa wa manya."

Ranar da na kai wa Lea mai na leƙa ta cikin wayar shinge na ga ginin Yaya ya taso. Leburorin duk masu askin wulaƙanci ne, wato mutanen sito aka fito da su, ba sai an biya kowa ba. Can na hango wani siriri ɗauke da bulo a ka, an sa shi yana tafiya da tsallen kwaɗo, wani soja yana binsa da bulala yana ƙirga masa. Sai da ya faɗi, bulon ya fashe, ya ɗago fuska, sannan na gane ɗan uwata ne. Rigar bayansa ta manne da jiki, kuma ba da gumi kaɗai ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, ko ranar da uwarmu ta rasu, don ita Allah ne ya ɗauke ta, wannan kuwa da kuɗin gidanmu ake yi.

Daga nan gidan Yaya na wuce, ko takalmi ban cire ba na hau masa kafet.

"Yaya, ƙanenka na gani yana ɗaukar bulonka."

"Ai gara haka, yana shan iska. Ni na roƙa a riƙa fito da shi."

Na haɗiye abin da ya zo bakina, na zauna na yi masa bayani kamar yaro. Na ce muddin ana ganin rago a bayan Husaini ba za a sake shi ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne, ya ajiye motar, ya sa tsohuwar riga, ya taka da ƙafa ya je ya ce musu arziki ya karye, ba shi da sauran abin kawowa. Rana ɗaya kawai.

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa tsirara.

"In ce na karye? A Keffi? Kin san kafin la'asar labari ya kai Akwanga? Wa zai sake ba ni aiki? Ki nemi wani abin, Huraira, ko nawa ne zan kashe a kan yaron nan."

Na san da gaske yake, zai kashe ko nawa ne. Abin da ba zai iya ba shi ne ya daina kashewa.

Lea ce ta ƙara buɗe mini ido. Ta ce Kaftin ya riga ya kama Alhaji ta hanyar gini, ya ma manta akwai wani tela. Saje ne ke riƙe da Husaini, shi da yaransa, saboda kaji da abin da ke gangaro musu in motar ta zo. In motar ta daina zuwa, kwanuka suka lalace, to Husaini ya koma talaka.

Hana Yaya zuwa sansanin ba abu ne da baki zai yi ba. Amma lokacin aikin hajji ya matso, ni kuma na san ɗan uwana. Na je gaishe shi, muna cikin hira na ce af, na ji a gidan suna wai Alhaji Idris mai siminti ya biya kujera ta uku, mata har suna cewa yanzu shi ne babban alhajin unguwa. Yaya ya daina tauna goron da ke bakinsa. Sati bai zagayo ba ya kira mu ya ce ya yi tunani, maganar Husaini ta fi ƙarfin mutum, zai je ya kai ta gaban Ka'aba da kansa. Ya bar wa Ishaku umarnin kada rago da kaji su yanke, ya tafi Kano ya hau jirgi.

Ishaku mutum ne mai iyali, kuma ya ga halin da Husaini yake ciki da idonsa, bai ba ni wahala ba. Duk abin da aka ce ya kai sansani sai ya sauke a gidana. Tsakar gidana ta cika da raguna da kaji har unguwa ta ɗauka na shiga sana'ar dabbobin layya, mutane suna sallama suna taya mini.

Wahalar a wurin Hajo take. Na ce ta dafa tuwon dawa da miyar kuka, ba nama, ba daddawa, ba mai, ta bari ya kama. Ta yi iyakar ƙoƙarinta tana hawaye, amma hannunta ya ƙi. Na ɗanɗana miyar da ta kira lalatacciya, na ga in aka kai wa Saje wannan sai ya ƙara wa Husaini wata guda. Daga ƙarshe ni na karɓi muciya, don mijina ya sha faɗa cewa ni ba sai na yi ƙoƙari ba. Muka zuba a wani lotsattsen kwano da kaji ke shan ruwa a ciki, muka aika.

Washegari Lea ta ce Saje ya buɗe kwanon, ya shinshina, ya yi fatali da shi, sannan ya sa an fito da Husaini an kwantar da shi a rana tun hantsi har la'asar. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron kada dabarata ta zama ita ce ajalinsa, in rasa wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Hajo ta durƙusa tana roƙona a yanka kaza ko ɗaya ce. Na ce a'a, na shiga ɗaki na yi kukana inda ba za ta gani ba, na fito na sake tuƙa wani tuwon da ya fi na jiya muni.

Sannan na ɗauko tsohon zanin nan da na ajiye tun farko, na je na zauna a ƙofar sansanin. Kukan bai ba ni wuya ba. Saje ya fito ya tsaya a kaina.

"Ina Alhaji? Ina mota?"

"Ya tafi Makka ya bar mu, ranka ya daɗe. Ya ce shi ya gaji, ku riƙe shi, dama bakin ci ne ya ragu."

"Ba rago na Salla?"

"Mu ma ko ƙafar akuya ba mu gani ba," na ce, ina addu'ar kada iska ta kawo masa warin ragunan da ke jikin zanina.

Ya tofar da yawu ya koma ciki. Na yi ta zuwa ina zama, tuwona yana ta zuwa yana dawowa ba a taɓa ba. Saura kwana uku Salla, da rana tsaka, ƙofar ta buɗe rabi, aka turo Husaini waje da ƙafa. Keken dai sun riƙe, wai shi ne shaida.

Na bi bayansa ina lura da shi har gida, don bai yarda a taɓa shi ba. Ya rame har wandonsa sai da igiya. Kunnensa na hagu ya daina ji. Bayansa kuwa Hajo ce kaɗai ta gani da kyau, kuma da ta fito daga gasa masa ba ta iya cin abinci ba. Abin da ya fi damunmu shi ne ya ƙi shiga ɗaki. A tsakar gida yake wuni, a nan yake kwana, ko an ce ana sanyi sai ya ce nan ya fi masa. Ba ya ba da labari, mu ma ba mu tambaya ba.

Da alhazai suka dawo, Yaya ya sauka da akwatuna da labarin cewa a daidai ranar da ya kama tufar Ka'aba ya ambaci sunan Husaini, a ranar aka sake shi. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwa, mutane suna Allahu akbar. Ragunan gidana, waɗanda bai ko tambayi yadda suka tsaya a can ba, su ya sa aka yanka aka yi walimar godiya, gari ya ci ya ƙoshi ya sa masa albarka. Na yi shiru, don in na buɗe baki ba a walima za a tashi ba.

Washegarin walimar da yamma ya zo gidan Husaini da tsaraba. Ishaku ya shigo da sabon keke yana ƙyalli, da dabino, da ruwan zamzam, da agogon hannu. Aka shimfiɗa wa Yaya darduma a tsakar gida tunda mai gidan ba ya shiga ɗaki. Ni ina gefe ina taya Hajo tsinke zogale.

Husaini ya yi godiya, ya shafa sirdin keken, ya ce Allah ya ƙara arziki. Sai ya tambaya ko ginin ya kai ina.

"An kusa rufi," in ji Yaya, ya gyara zama don an zo wurin da yake so. "Ginin zamani, ba irin wancan siton ba."

"Na sani, Yaya, na ɗauki bulonsa. Wata alfarma nake nema. Ka sa a fasa masa taga, ko ƙarama ce, can sama. In mutane suka yi yawa, numfashi ne ke fara ƙarewa. Akwai wani dattijo da muka kwana jingine da shi, sai da gari ya waye muka gane tun tuni ya cika."

Hajo ta ajiye zogalen. Yaya ya yi gyaran murya ya ce taga ba ta cikin kwangilar, amma zai duba. Ina jin maganar ce ta dame shi, don sai ya ɗaga murya ya shiga lissafa alherinsa.

"Ka gode wa Allah kana da ɗan uwa irina. Ba don ina zuwa ina zama da Kaftin ba, da Allah kaɗai ya san abin da za su yi maka. Ai ko don ganin idona sun raga maka."

Husaini ya daɗe yana kallon tayar keken. Da ya yi magana, a hankali ya yi, kamar mai ba da haƙuri.

"In aka ji hon ɗin motarka, Yaya, sai Saje ya sa a fito da ni bayan sito, kusa da mangwaron nan. Sai ka zauna an kawo maka lemo, sannan su fara. Ya ce in ɗaga murya sosai don ka ji ka tausaya, ka ƙaro abin da kake kawowa. In ban ɗaga ba sai su ƙara. Ni kuma ina ɗagawa, har sunanka nake kira." Ya ɗago ya dubi Yaya, babu fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai. "Na daɗe ina son in sani. Ba ka taɓa ji ba?"

Yaya ya kalle ni, na ƙi sauke ido. Ya kalli carbin da ke hannunsa.

"Ina jin ihu," ya ce, murya can ƙasa. "Na ɗauka wani ne."

Husaini ya karkato kai, ya juyo masa da kunnen da ke ji.

"Me ka ce, Yaya?"

Muka jira, ni da Hajo da shi. Yaya bai maimaita ba.